Shaidar Mamman Mai Fiffike

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ruwa daga Yauri zuwa tsallake ya san Mamman Mai Fiffike. Amma kada ka kuskura ka kira shi haka kana cikin jirginsa, sai fa in ka iya iyo.

Mamman ɗan masunta ne, matuƙin jirgi mai inji, kuma Allah ya ba shi ido. Yana da tsohon madubin hangen nesa da ya saya don hango dorina da kututture, amma rabin aikin madubin kallon sama ne. Wata magariba farin wata ya fito sosai, sai ya ga wani ɗan baƙin abu mai kamar fukafukai ya gifta ta gaban watan. Ya ba Ya'u labari, abokinsa tun suna gyaran taru tare. Nan ya yi kuskure.

A shekarar, ranar duban watan azumi, Mamman ya ga jinjirin wata daga tsakiyar ruwa, ya garzayo masallaci. A tungarsu, ƙauyen masunta, liman ba ya kai maganar gaba sai ya tambayi jama'a ko mai shaidar abin yarda ne. Sai Ya'u ya gyara murya.

"Allah gafarta Malam, wanga fa shi na yac ce ya ga abu mai hiffike bisa wata."

Sahu ya kwashe da dariya, liman ya ce a dakata. Bayan isha'i rediyo ta sanar an ga wata a wasu garuruwa, kowa ya tashi da azumi, amma ba wanda ya ce da Mamman yi haƙuri. Sunan ya manne. Daga nan ko shaidar cinikin kwalekwale ba a kiransa. Abin ya ci masa rai, ya kwashe iyalinsa ya koma Yelwa, ya rantse sai ya cusa wa Ya'u abin nan a ido.

Allah ya haɗa shi da Malam Lukman, wani malamin makaranta a Wara mai irin wannan ciwon na kallon sama. Shi ya gaya masa abin tashar sararin samaniya ce, uwar taurarin ɗan'adam, kuma waya tana nuna inda za a tsaya a ga giftawarta. Lukman ke da babban madubi, Mamman ke da jirgi. Suka yi ta farauta daga Shanga har Wara, yau hadari ya rufe, gobe igiyar ruwa ta girgiza hoton, wata rana batir ya mutu. Lukman don sha'awa yake yi. Mamman kuwa fuskar Ya'u kawai yake gani a cikin watan. Har furfura ta fito masa.

Wata yamma a kan wani tsibirin yashi, bidiyo ya kama tashar tana giftawa ta gaban wata, ga fukafukan nan ɓaro-ɓaro. Mamman ya sa aka wanke hoton babba, ya ɗinka sabuwar riga, ya nufi tunga ranar Juma'a don ya tarar da masallaci a cike.

Bayan salla hoton ya bi hannu hannu, waɗanda suka yi masa dariya a da suna ta salati. Mamman ya ratsa su ya dangwara shi a cinyar Ya'u. Ya'u ya shafa takardar, ya juyo da fuska, idanun sun yi fari fat. Ashe ya daɗe da makancewa.

"Mamman na? Mi ag ga takardag ga? Hwaɗa min, in kac ce, na yarda."

Mamman ya daɗe yana dubansa. Tausayi ya ɗan taso masa, ya danne shi. Ya zare hotonsa a hankali, ya naɗe.

"Haba Ya'u, ka mance? Ai ni ba a amsar shaidata."

Ya gangara bakin ruwa ya ta da injinsa.