Ragowar Zamzam a Tukunyar Kariya

Hausawan unguwar Shisha a Makka sun san Malama Sa'adiya da rashin son kame-kame. In ta ce minti goma, to goma ne. A Makka aka haife ta, kakanta ne ya taso daga Katsina da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya. Ta karanta ilimin tsirrai a jami'a, ta koyar shekara ashirin da tara a wata makarantar 'yan mata, ta yi ritaya. Duk tsawon wannan lokaci a allo kawai take zana saiwa da ganye. Ba ta taɓa rainon shuka da hannunta ba sai da Hudaifa, ɗanta na fari, ya dawo hutu daga wurin aikinsa a Jizan da wata 'yar kariya a cikin gwangwani.

Larabawa suna ce mata adan. Gindinta kamar tulu, rassanta gajeru, furenta ruwan hoda. A cikin wannan gindi take ajiye ruwanta, shi ya sa fari bai dame ta ba. Hudaifa ya dasa ta a tukunyar ƙasa, ya ajiye a hosh, ɗan filin bayan gida da aka shafe da tayil har bango. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Yana da ashirin da bakwai. Sa'adiya ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, don ɗan fari ne, yanzu ma "yaron nan" take cewa. Maƙwabta kuwa har yau Ummu Hudaifa suke kiranta, tana amsawa.

Ƙa'idar kariya ba ta da wuya. Rana mai yawa, ƙasa mai tsakuwa, ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas. Da zafi Sa'adiya takan ba ta sau ɗaya a mako. Da sanyi kuwa, wanda a Makka sauƙin zafi ne kawai, shukar takan zubar da ganye ta huta, sai a janye mata hannu. Shekara biyu aka yi haka lafiya, tana fure kamar ba ta san an yi rashi ba.

A sanyin shekara ta uku ne Sa'adiya ta soka yatsa a tukunyar ta ji laima. Kwana goma sha shida ba ta zuba komai ba. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi bututun na'urar sanyaya ɗaki, babu mai ɗiga. Ta shiga falo wurin mijinta Hisham.

"Kai ne kake ba kariya ruwa?"

"Ni? Ni da ko kaina sai kin tuna mini nake sha."

"To wa?"

Hisham ya gyara zama, ya ƙara ƙarar talabijin kaɗan. Daga nan ta gane ya sani.

Bayan la'asar ta ga abin da idonta. Surukarta, Hajiya Baraka, wadda ta haura tamanin kuma ta dawo gidan da zama watanni huɗu da suka wuce, ta fito tana dogara sanda, da kofin silba a hannu. Ta tsaya kan tukunyar, ta yi bisimilla, ta juye.

"Inna, me kika zuba?"

"Zamzam. Ragowar wanda na sha magani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na zo." Tsohuwar ta dube ta kamar an tambaye ta ko tana salla. "Ina kike so in kai shi? Magudana? In haɗa zamzam da ruwan wanke-wanke? Duk gidan nan kun bi kun shafe da tayil, ba ƙasa ko ta taimama sai wannan."

Sa'adiya ta yi lissafi a zuci, don ba ta iya hana kanta. Inna ba ta shan wani ruwa sai zamzam, Hisham ke ciko mata jarka duk mako. Magani sau huɗu a rana, kurɓi biyu take yi ta bar rabin kofi. Kofi biyu ke nan kullum, wata huɗu, a kan shukar da ke barci.

"Inna, wannan shukar ba ta son ruwa. Ruwa kashe ta yake yi."

"Ruwan famfo dai."

"Kowane ruwa."

"A'uzubillahi. Ke da karatunki? Zamzam ne zai kashe abu? Dube ta fa, duk ganyen ya zube, tsirara take kamar kazar da aka fige. Ƙishi ne. Kariyar maigidana ba za ta mutu da ƙishi ina gidan nan ba."

Maigidana take kiran jikan nata tun yana cikin tsumma. Sa'adiya ta shekara ashirin da tara tana sa yara arba'in su yi tsit da kallo ɗaya, amma ba a yi wa uwar miji wannan kallon.

Ta bi ta hanyar Hisham. Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa da niyyar magana, ya fito bayan rabin awa da dabino a hannu, ya ce, "Ya'ani, ita ma tana da hujja." Ta sayo tukunyar raihan daga mai sayar da shuke-shuke, ganye mai son ruwa, ta ajiye dab da ƙofar ɗakin Inna. Inna ta yaba ƙamshinsa, ta tsinki ganye biyu ta sa a shayi, ta wuce shi da kofinta zuwa hosh. "Wannan baƙo ne," in ji ta, "ban san shi ba." Da Sa'adiya ta ɗora kariyar kan tebur mai tsawo, sai ta tarar da tsohuwar a tsaye a kan kujerar roba, sanda a hannu ɗaya, kofi a ɗaya. A ranar Sa'adiya da kanta ta sauko da tukunyar, ta shiga kicin ta wanke tukwanen da ta riga ta wanke.

Ran wata Talata da safe ta danna gindin kariyar da babban yatsa. Ya lotsa kamar ruɓaɓɓen tumatir.

Ba ta yi wa kowa magana ba. Ta shimfiɗa jarida a hosh, ta sa safar hannu saboda ruwan jikin kariya dafi ne, ta kwantar da tukunyar ta zaro shukar. Ƙasar ta zama taɓo, tana wari. Saiwoyi uku sun yi baƙi, ruɓar ta haura cikin gindin ta gefe ɗaya. Ta gasa wuƙa a wuta, ta fara yanka siriri-siriri, tana goge wuƙar bayan kowane yanka, tana neman inda naman zai fito fari tas. Sai da kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Ta barbaɗa garin kirfa a kan miki, ta ɗaura igiya a rassan, ta rataye shukar a inuwa, jikin ƙarfen shanya.

Ƙarar sanda ta ji a bayanta.

"Me kika yi mata?"

"Na yanke ruɓa, Inna. Kwana goma za ta yi a rataye, mikin ya bushe."

"Ba ƙasa?"

"Ba ƙasa, ba ruwa."

Hajiya Baraka ta dubi abin da ke kan jarida. Ta sa bakin sanda ta taɓa wani baƙin yanki, ya fashe. Kofin na hannunta, rabinsa da ruwa.

"Za ta yi rai?"

"Ban sani ba." Sa'adiya ta cire safar. Kalma ce da ba ta son faɗa. "Wataƙila."

Tsohuwar ta jawo kujerar roba ta zauna. Ta ɗora kofin a gwiwa.

"Da, maigidana ne yake shanye mini," ta ce. "Duk sanda ya zo gaishe ni a gidana na Ka'akiyya. In na kurɓa na ajiye sai ya ɗauke, wai tsohuwa ta iya ɓarna, zai sake ni ya auri mai tattali. Da na zo nan na rasa wanda zan miƙa wa. Hisham yana ƙyanƙyamin bakin kofi tun yana yaro."

Sa'adiya tana naɗe jaridar. Ta gama naɗewa, ta ɗaure, ta wanke hannu da sabulu sau biyu a famfon hosh. Haushin bai tafi ba, yana nan daram a ƙirjinta, sai dai ta rasa inda za ta sauke shi. Ta dawo ta miƙa hannu.

"Kawo."

"Me?"

"Kofin, Inna."

Ta kai baki ke nan tsohuwar ta ɗaga sanda. "Haka ake shan zamzam? Juya ki fuskanci alƙibla. Bisimilla. Numfashi uku."

Ta juya, ta yi bisimilla, ta sha a numfashi uku.

Bayan kwana goma mikin ya yi tauri kamar ɓawon itace. Ta dasa kariyar a ƙaramar tukunya, rabi tsakuwa rabi yashi da ɗan taki, ta ɗaga gindin sama da ƙasa, ta ƙara mako guda kafin ta ba ta ruwa. Shukar ta tsaya a karkace, gefe ɗaya a rame. Wata biyu ba ta motsa ba. Sai da zafi ya fara dawowa wani ɗan tsiro kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya leƙo a kan reshen tsakiya. Fure dai babu a bana, Sa'adiya ta sani, baɗi ma sai an gani.

Ita kuwa ta shiga wani sabon aiki da ba ritaya a cikinsa. Sau huɗu a rana, ko tana girki, ko tana waya da tsofaffin abokan aikinta, sai ta ji sanda tana bugun tayil, ta ji "Ummu Hudaifa, zo ki karɓa." In ta yi jinkiri, tsohuwar takan juya ta nufi hosh a hankali, tana waige, yadda za a gan ta. Sa'adiya ta ajiye ludayi ta bi ta.

Ba a daɗe ba ta lura ragowar tana ƙaruwa. Rabin kofi ya koma kashi biyu cikin uku. Wata rana ya zo a cike har baki, a kan faranti, da dabino uku a gefe.

"Inna, ko kurɓa ba ki yi ba."

"Na kurɓa."

"Kofin a cike yake."

"To ƙarya nake yi?" Hajiya Baraka ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Dube ki, shekara uku kina bushewa, wuya kamar mariƙin lema. Halas, zance ya ƙare, sha. Ki haɗa da dabinon."

Sa'adiya ta dubi Hisham. Ya ƙara ƙarar talabijin. Ta ja dogon numfashi, ta ɗauki kofin, ta juya alƙibla.