Igamar da Baba ya ɓoye

A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife ni, a wani tsohon bene da muka zauna tare da wasu Musulmi 'yan ƙasar Sin. Ɗaki ɗaya gare su, kamar mu. Uwargidansu, taliya take murzawa da hannu tana kai wa masu abinci. 'Yarta sa'ata ce, tare muke tallar carbi a hanyar Harami, tare muke gudu in an ce ga 'yan baladiyya nan masu kama 'yan talla.

Da muka cika shekara bakwai aka sa ƙawata a makaranta. Wata biyu uwarta ta yi tana zarya ofis-ofis da gurɓataccen Larabcinta kafin a karɓi yarinyar. Daga nan ta hau sama ta sami Baba.

"Hajji, ba ni takardun 'yarka in kai ta. Yanzu na san hanya."

Baba ya sunkuyar da kai. "Ba ta da igama, Hajiya. Allah bai yi ba."

Ba a karɓar yaro a makaranta sai da igama, takardar izinin zama. Na yarda, har tausayinsa na ji. Kullum da safe ina bakin ƙofa da farantina, ƙawata ta wuce da jaka. Da la'asar take koya mini baƙaƙe a bayan kwali. Haka muka yi har aka rushe gidan, muka koma unguwar Ka'akiyya, su kuma ban san inda suka nufa ba.

Shekarata ashirin da shida Baba ya rasu. Muna kwashe kayansa na ci karo da wata leda a ƙasan akwati. Takardar haihuwata ce a ciki, da igama, takardar izinin zama, da sunana da hotona ina 'yar mitsitsiya. Kowace shekara yana sabunta ta.

Na kai wa Inna. "Kin san da wannan?"

Ta kalli tabarma. "Alhazai sun fi saye a hannun ƙaramar yarinya," in ji ta. "Cewa ya yi ki yi tallar shekara ɗaya kawai, gida ya ɗan miƙe."

"Shekara ɗaya, Inna?"

Na ɗauki mayafi na ratsa ta cikin masu ta'aziyya na fita, ban koma ba sai bayan sadakar uku. Har yau ina yi masa addu'a bayan salla, amma sai na tilasta wa bakina.