Bargon da Na Ba Baƙon Zaure

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana. Sau biyu na rubuta na yaga, don ina tsoron kada ta zama tonon asirin mahaifina, wanda ƙasa ta riga ta rufe wa ido. Sai da na tambayi wani malami, ya ce in dai laifina zan faɗa ba na wani ba, babu komai. To, laifina ne.

A shekarun nan ne da ruwa yake ɗaukewa gero na shirin fitar da kai. Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Bagwai, gona a jikin gona, babu inda mutum zai ƙara ko kunya ɗaya. Ni kaɗai na gama firamare a gidanmu, sai Baba ya ce in tafi Kano in nemi aikin masinja, in sauka a gidan Kawu, ƙanin innata. Lokacin ɗari ne, ya ɗauko bargonsa mai ratsin ja ya ba ni aro.

Na isa na tarar Kawu ya tashi daga gidan hayar, maƙwabta ba su san inda ya koma ba. Da na kwana a masallaci da shi ke nan, amma na ji tsoron a sace mini takardar shaidar makaranta ina barci. Wani ɗan kamasho a tasha ya nuna mini otel. A wajenmu otel wurin giya ne da mata masu zaman kansu, Baba kuwa ya sha faɗa cewa duk ɗansa da ya taka ƙofar otel kada ya sake taka zaurensa. Na tsaya a bakin ƙofar na duba gabas da yamma kafin in shiga.

Ɗakin gadon ƙarfe ne da katifar auduga, ƙafafun gadon kowace a cikin gwangwanin madara. A bango akwai zane-zane ja-ja kamar an goga yatsa, na ɗauka fenti ne. Ina kashe fitila na gane ba fenti ba ne. Kuɗin cizo suka fito mini ta wuya, ta haƙarƙari, ta tsakanin yatsu. In ka murje ɗaya, warin ya zauna a hannunka ko ka wanke.

Da safe na sami manaja a tsakar gida, na rusuna.

"Ranka ya daɗe, akwai kuɗin cizo a ɗakin nan."

Ya dube ni tun daga takalmi. "Kai daga ina?"

"Daga wajen Bici."

"To ai naku ne suka biyo ka. Nan birni ne."

Wata mata tana wanki a gefe ta ce, "Ƙyale shi, manaja. Jinin ƙauye zaƙi gare shi, bayin Allah sun daɗe ba su samu ba." Aka yi ta dariya. Ya tsiyayo mini kananzir a murfin kwalba ya ce in zuba a gwangwanayen. Na zuba. Suka bi bango suka hau rufi suna faɗo mini daga sama.

Abin da ya fi cizon damuna shi ne ɗigon jini a rigata. Ban sani ba ko salla ta yi da shi, kuma ba ni da wanda zan tambaya ba tare da na faɗi inda na kwana ba. Kowace salla sai na yi ta sau biyu.

Aiki bai samu ba. A mota, a hanyar gida, na ɗaga bakin ɗinkin bargon na ga kuɗin cizo jere, da ƙwai farare kamar tsaki. Na san maganin: tafasasshen ruwa da shanya a rana. Amma a gidanmu ba ka ɗora tukunya mata ba su tambaya ba, kuma kowa ya san tsaftar matar Kawu. Ina sauka na ce wa Baba Kawu yana gaishe shi.

A lokacin akwai baƙo a zaurenmu, wani dattijo da ya gangaro daga arewa bayan fari ya cinye masa dabbobi. Baba ya saukar da shi kamar yadda aka saba, ana miƙo masa tuwo, shi kuma yana tufka mana igiya. Kayansa duka buzu ne da jakar fata da wani zane baƙi na matarsa da ta mutu a hanya, wanda yake naɗewa ya yi matashi da shi.

Ban son bargon ya shiga ɗakina, ban son ya koma ɗakin Baba. Sai na ce, "Baba, tsohon nan yana jin ɗari, ko a bar masa bargon?" Baba ya ce Allah ya yi mini albarka. Tsohon ya riƙe hannuna biyu ya daɗe yana mini addu'a. Na ce amin.

Ba a yi wata ba, dattawan da suke zama da Baba bayan La'asar suka fara susa. Aka ɗaga tabarmi, sai ga kuɗin cizo. Yayana ya ce, "Tsoho, da su ka zo, ko a hanya kuka haɗu?"

"Wallahi, Malam," tsohon ya ce wa Baba, "ban san su ba sai a ɗakin nan."

Sai ya juyo ya dube ni. Na ji zai ambaci bargon, na riga shi. Na ce, "Ai naku ne suka biyo ka." Aka yi dariya, irin waccan.

Yayana ya kwashe kayan tsohon da sanda ya kai bayan gida ya cinna wuta. Buzun ya yi ta ƙauri. Da aka zo kan zanen tsohon ya miƙa hannu, yayana ya buge hannun da sandar. Bargon kuwa, da yake na gida ne, ruwan zafi aka zuba masa aka shanya, ya koma ɗakin Baba tas.

Gidajenmu a manne suke, kafin Magariba labari ya gama gari. Da tsohon ya bar zaurenmu, duk zauren da ya yi sallama sai a amsa masa daga ciki, a ce ɗaki ya cika. Da safe na hango shi ya ɗauki hanyar Bagwai, daga shi sai rigar jikinsa. Igiyar da bai gama ba ita muka ɗaure akuya da ita.

Wata uku ya yi a zaurenmu, ban taɓa tambayar sunansa ba. Dogo ne, baƙi, babban yatsan hannunsa na hagu a guntule yake. Don Allah, mai karatu, in kai ɗan ƙauyukan wajen Bagwai ne, ka tambayi tsofaffin gidanku ko wani ya saukar da irin wannan mutum a waɗancan shekaru, ko ya kai damina, a ina aka binne shi, ko ya bar wani nasa. Ka aiko mini ta hannun waɗanda suka buga wannan. Ina so in san wa zan roƙa gafara.