Zubairu, Maginin da Ya Juya Takarda

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayi Zubairu Hasan a shekarar 1957 a garin Dogonduci, mahaifinsa Malam Hasan magini ne, mahaifiyarsa Hajara mai kitso. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a 1964, inda ya shafe shekara uku cur a aji ɗaya, har mushe, wato malamin ajin, ya roƙi mahaifinsa da girman Allah ya zo ya ɗauki abinsa. Daga nan ya bi uban nasa kwaɓa ƙasa, abin da ya ƙi shiga kai ya shiga hannu.

Zuwa Yamai da Aure

A 1976 ya sauka unguwar Bukoki a Yamai, ya koyi ginin siminti. A 1983 ya auri Mariyam, Bazabarma mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a kasuwar Petit Marché. Masu lura da al'amura sun tabbatar wata bakwai yana cin kopto safe da rana bai furta komai ba, sai da ita ta ce, "Kai magini, zogale kake so ko mai zogale?"

Aiki

A 1988 yana cikin waɗanda suka gina bibliyotek ta unguwa, ɗakin karatun jama'a, kuma bayan kammalawa aka ɗauke shi mai kula da ginin. Shekara ashirin da shida yana toshe yoyo, yana share indararo kafin damina, yana zuba baƙin mai a gindin kantoci saboda gara. Bai taɓa karanta littafi ɗaya a ciki ba, amma wanda ya dangwala yawu ya buɗe shafi a gabansa, ranar ya ji abin da bai so.

Gyaran Shekarar 2014

A wannan shekara aka tashi sabunta ginin. Wani matashin injiniya ya kawo zane mai manyan tagogi huɗu a bangon gabas, daidai inda littattafai suke. Zubairu ya ce, "Mushe, ruwan Yamai daga gabas yake zuwa, kuma a kwance yake zuwa. Damina ɗaya, littattafan nan sun zama kunu." Injiniya ya ce, "Baba, an riga an sa hannu." Shugaban wurin ya ƙara da cewa duk wanda ya saɓa wa zanen, a bakin aikinsa. A lokacin baki bakwai ke ci a gidan Zubairu.

Injiniya ya yi tafiyar mako biyu, ya bar masa zanen da magina. Da ya dawo, sai ya tarar da tagoginsa huɗu ras, an gyara su tsaf, amma a bangon arewa. Zubairu ya sosa ƙeya ya ce, "Haka na riƙe takardar, mushe. Aji ɗaya na yi." Aka sallame shi a watan Afrilu. A watan Yuni hadari ya taso daga gabas, ya kwashe rufin gidaje da dama a Bukoki, ya yi ta dukan bangon gabas ɗin nan, ko shafi ɗaya bai jiƙe ba. Ba a mayar da shi aiki ba, ba a kuma ce masa sannu ba.

Ƙarshen Rayuwa

Ya koma ƙananan gine-gine a unguwar Lazaret. Duk da haka, kowane watan Mayu sai an gan shi bisa rufin bibliyotek yana share indararo ba wanda ya aike shi, har gwiwoyi suka ƙi.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 9 ga Maris, 2023, bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a maƙabartar Yantala. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Buba direba, Latifa mai ɗinki, Faruk, Rahina, da auta Farida. Allah ya kai haske kabarinsa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai amsa wa kowa cewa da gangan ya juya takardar ba. Mariyam ce ta faɗa mini ranar sadakar uku, ta ce kada in gaya wa kowa.