Daddawar Inna a robar Yaya

Tun ina ƙarama a Ƙofar Guga, in ana kwatancen gidanmu sai a ce gidan mai daddawa. Mahaifiyarmu ake nufi, wadda muke kira Inna. Ba ta da takardar makaranta, ba ta da fili, abin da ta mallaka shi ne sunan cewa daddawarta ba ta taɓa ɓaci ba.

Yayana kuwa ya tsani sana'ar. Tun da ya samu aikin gwamnati, in ya shigo gaisuwa hanci a toshe yake tsugunawa. Ya hana matarsa sa daddawa a miya, wai tana kama tufafi. Da kuɗin warin nan fa aka yi masa karatu.

Sai ga shi wata ranar Laraba ya dawo daga wani taro da jaka a rataye, bakinsa ya ƙi rufuwa. Wai yanzu duniya ta waye, ana yi wa abinci rajista da sunan garinsu don kada wani ya kwaikwaya. Wai baƙi za su zo duba abin da Katsina ke da shi, ya kuma ba da sunan Inna. Ranar na fara jin ya ce "daddawarmu". Dariya ta kusa shaƙe ni.

Inna ta ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ta dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, ta surfe da toka, ta wanke, ta sake dafawa. Ta juye da zafinta a kwando, ta lulluɓe da tsofaffin buhunanta. Ƙa'idar ita ce kwana uku ba a buɗewa, don ɗumin ne ke sa ta nuna. Kowace yarinya a unguwarmu ta san wannan.

Yaya bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Washegari Inna ta tafi barka Ƙofar Marusa, ya zo ɗaukar hoto, ya ga buhunan ya ce ƙazanta ne. Ya yaye su ya cinna musu wuta, ya juye kalwar a farar roba mai murfi, ya kai firjin gidansa don tsafta. Na yi magana, ya ce ni malamar firamare ce, ban san tsarin ƙasashen waje ba.

Kalwa ta sandare, ta ƙi nuna. Inna ta daɗe tsaye kan tokar buhunan. Biyu daga ciki na mahaifiyarta ne.

Mai ilimi bai rasa dabara ba. Ya je kasuwa ya sayo daddawar waken suya, wadda ko mai sayarwar ba ta san garin da aka yi ta ba. Ya ƙulla a leda mai sheƙi, ya liƙa hoton Inna. Ranar da baƙin suka zo ya shimfiɗa darduma a tsakar gida, ya zaunar da Inna gaban ledojin. Maƙwabta mata sun cika ƙofa. Wani baƙo ya shinshina ya gyaɗa kai, ya ce lallai wannan ƙamshin sai Katsina. Yaya sai washe baki yake, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Inna ta buɗe leda ɗaya, ta gutsura, ta murza a yatsa. Ba baƙin ta kalla ba, matan da ke ƙofa ta kalla, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna miya da daddawarta.

"Wagga ba tawa ba ce," ta ce. "Ta waken suya ce. Tawa ɗana ya kashe ta. Ku cire mani hotona."

Yaya ya shiga yi wa baƙin Turanci. Inna ba ta jira shi ba, ta sa farce ta fara ɓamɓare fuskarta daga ledojin, ɗaya bayan ɗaya.