Kaskon Turare da Ɓarin Kaina

Salamu alaikum 'yan dandali. Na daɗe ban leƙo ba, har wasu na tambaya ko an mayar da ni gida ne. Ina nan Madina. Jinya na yi.

Wata safiya ina buɗe shagon maigidana, Ammu Salihu, a Uhudu, na ɗaga kai na ga rabin dutsen Uhudu babu. Ɓangaren dama yana nan, hagu kuwa wani haske ne ke rawa kamar haƙoran zarto. Kafin motocin maziyarta su iso, ɓarin kaina ya fara sara. Na yi amai a bayan shago.

Aikina tsayuwa bakin ƙofa da kaskon turaren wuta, ina shafa wa masu wucewa turare a bayan hannu.

Da na faɗa wa Umma, ta ce, "Iska ce, ɗan nan. Ka taka wani abu a gindin dutsen." Ta lulluɓe ni da bargo, ta tura kaskon turare ciki. Duk sanda ciwon ya tashi, hayaƙi. Ina fitowa sai in ji kamar ana buga mini ƙusa a ido. Ban taɓa yi mata musu ba.

Tsorona ɗaya, makanta. Ni kaɗai Umma take da shi a ƙasar nan.

Da abin ya yi yawa, Ammu ya kai ni asibiti. An ɗebi jini, an haska ido, an tura ni cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Hoton kaɗai ya kusa cinye albashina.

Likitan Bakatsine ne. Ya ce, "Babu ƙari a kanka, idonka lafiya. Shaƙiƙa ce, ciwon ɓarin kai. Yaushe yake ƙyale ka?"

Sai na tuna. "Lokacin da Ammu ya aike ni Khaibar ɗauko dabino. Ko sau ɗaya bai tashi ba."

"Me ka bari a Madina da ba ka tarar a can ba?"

Na shinshina hannun rigata, sai ƙamshin turare. Ya gyaɗa kai. Da na ba shi labarin bargo, ya ajiye biro ya ce, "Gobe ka zo mini da Hajiya."

Umma ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Likita, ashe da hannuna nake ƙara masa?"

"Da niyyar magani kika yi, Hajiya. Yanzu ɗaki mai duhu za ki ba shi, da tsumma mai sanyi a goshi."

Ya rubuta mini ƙwayar da zan sha da zarar hasken ya fara. Ammu kuma ya ce, "Khalas, ya waladi, shi ke nan ɗana, koma wajen sayar da dabino. Dama kana ƙone mini turare da yawa."

Yanzu sai in yi wata biyu lafiya. In ya zo ma, na san shi, ba na firgita. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitan nan da Ammu.

Mai irin ciwona, ka je a duba ka, kuma ka lura da abin da ke tayar maka da shi. Nawa ƙamshi ne, na wani yunwa ko rashin barci.

Ranar da muka dawo daga wajen likita, Umma ta juye garwashin, ta wanke kaskon da ta zo da shi tun daga Kano, ta miƙa wa maƙwabciyarmu ta kan katanga. Mai jin ƙarin gishiri na yi, ya tambayi Inna Hauwa ta unguwar Jurf. Ita ta karɓa, kuma Ammu Salihu yana tsaye a ƙofa.