Gwaggo Tawada da Shirun Mai Fito

Kafin a ɗaga ƙofar maɗaba'a da safe, Gwaggo Tawada ta riga ta iso. Za ka same ta a kan dakalin bakin ƙofa, jaka a cinya, tana fiƙe fensir da reza tana hararar titi, sai ka ce titin ne ya makarar da mai makulli. Da an buɗe sai ta ratsa ta tsakanin tulin takardu, ta shafa injin buga littafi kafin ta gaida mai shi, ta shige ɗan ɗakinta na can ƙurya. Teburi ne mai gangare, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalaben tawada, sai madubi jingine da bango. Madubin nan ba na kwalliya ba ne. In za ta zana mai fushi, a gabansa take ɗaure fuska. In mai kuka ne, ta kwaɓe baki. Wani sabon ma'aikaci ya taɓa leƙawa ya ga tana zare wa madubi ido tana nuna shi da yatsa, ya fito a guje.

"Oga, Gwaggo fa ba lafiya!"

Mai Inji, wato mai maɗaba'ar, ko kai bai ɗago ba. "Ƙyale ta, azzalumin sarki take zanawa."

Aikinta ke nan shekara da shekaru. Tsofaffin wasannin kwaikwayo, waɗanda iyayenmu suka yi layi a rana don su kalla a kan dandamali, su take ɗaukowa ta mayar da su littafin zane. Ta raba shafi akwati-akwati, ta zuba mutane a ciki, ta rataya wa kowa maganarsa a saman kai cikin abin da take kira balan-balan. Yara sun haddace littattafan, manya na sace su daga jakar yara, amma tambayi mutum wa ya zana, sai ya juya bangon baya yana ƙanƙance ido. A wannan watan Gwaggo za ta ajiye buroshi, don idon ya ce ya gaji. To, kafin ta sulale gida shiru yadda ta saba, yau sai mun tona ta!

Tana budurwa ta shiga wata ƙungiyar wasa, amma ba ta taɓa fitowa gaban jama'a ba. A bayan labule take zama da rubutun wasan a hannu, duk wanda magana ta ɓace masa ta raɗa masa. In babu wasa kuma, ita ke zana itatuwa da gidaje a jikin ƙyallen da ake ratayawa a bayan dandamali. Sannu a hankali 'yan kallo suka janye, aka rufe ɗakin wasan, wani mai sayar da kujeru ya maishe shi sito. 'Yan wasa suka watse. Wannan ya kama tuƙin tasi, wancan ya buɗe shago, wasu ƙasa ta rufe musu ido.

Wata rana 'yarta ta dawo daga makaranta ta yi jifa da wani littafin wasan kwaikwayo a kan kujera. "Umma, wannan ai maganin barci ne!" Gwaggo ta ɗauka ta duba, sai ta ji kamar an mare ta. Wasan da mutane ke hawa taga don su leƙa, shi ne yau maganin barci? Ba ta yi faɗa ba. Ta ciro tsohuwar kalanda daga bango, ta juya bayanta, ta zana fitowa ta farko. Washegari yarinya ta tafi da ita makaranta, ta dawo hannu rabbana: 'yan aji sun yi ta wawaso har malami ya ƙwace. Da la'asar sai ga malamin da kansa a ƙofar gida, kalanda naɗe a hammata, yana sosa ƙeya. "Baiwar Allah, ba ƙara na kawo ba. Ina sauran?"

Daga nan aka ɗaura. Maigidanta, tsohon direban bas, shi ya zama abin gwaji. Ta naɗa masa zanen gado, ta ce tsaya haka, ɗaga hannu, faɗi ƙasa. Har yau in ka zauna da shi zai ce maka, "Ni a gidan nan na yi sarki, na yi ɓarawo, na yi gawa har na gaji da mutuwa."

Gwaggo, ke ce mai idon da ke jin magana. Ke kika gane cewa ba rubutun kaɗai ne wasa ba, har da ɗage gira da karkata wuya, kika bi su ɗaya bayan ɗaya kika tsince kafin su bi masu su kabari.

Wasa guda ne ya tsaya mata a maƙogwaro, kuma shi ne uban duka: wasan mai fito. Labarin wani mai kwalekwale ne da ya ɗauko baƙo a ranar ambaliya, sai da suka kai tsakiyar kogi ya gane cewa mutumin nan shi ya kashe masa ƙane. Baƙon bai iya ruwa ba. Mai fito ya ɗaga filafilin da yake tuƙi da shi, ya tsaya. A nan rubutun wasan bai ce komai ba sai kalma ɗaya: shiru.

Marubucin ya daɗe da rasuwa. Da Gwaggo ta je neman izini, matarsa ta ce, "Ni ban hana ba, ƙanwata. Amma marigayi ya ce wasan nan rabi nasa ne, rabi na wanda ya yi shi. Je ki wajen Baba."

Baba kuwa shi ne tsohon da ya fito a mai fito tun yana da baƙin gashi, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Ta same shi a ƙofar gida a kujerar roba, ƙafafu a kan bokitin da aka kife, gwiwoyi sun kumbura. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ke tafe da ita.

"'Yar nan," ya ce, don har yanzu haka yake kiranta da furfurarta, "wasa numfashi ne. Kin taɓa ganin an ɗaure numfashi a takarda?"

"Baba, in ban ɗaure ba, wa zai gani? Ɗakin ma kujeru ne a ciki."

"To na ji. Kin iya zana magana, na ga balan-balan ɗinki. Zana min shirun nan. Shirun da in na yi shi, jariri a bayan uwarsa ma ba ya motsi. In kin zana, wasa naki ne. In kin kasa, a binne mu tare ni da shi."

Ta dawo da ƙarfinta, ta ce abu mai sauƙi. Ta zana mai fito da jajayen idanu da jijiya a goshi, ta kai masa. Ya kalla ya ce, "Wannan mahauci ne." Ta sake, ta sa masa hawaye. Ya ce, "Wannan albasa yake yankawa." Ta zana babban akwati ta bar balan-balan ɗin fayau babu rubutu. Tsoho ya yi dariya har da tari. "Wannan ai mantuwa ya yi, jira yake ki raɗa masa!"

Damina ta zo ta wuce ana haka. Ga ido kullum ƙara hazo yake, likita na ta ja mata kunne, ga Baba yau lafiya gobe asibiti. Kwandon shara ya cika da mai fito. Wata safiya tana zaune ta dafe kai, Mai Inji ya shigo da kofin shayi ya ce, "Gwaggo, abin mamaki. Ke da kika ga wasan nan ya fi a ƙirga?"

Ta ɗago a hankali. Sai ta buga teburi har shayin ya fantsama.

"Ban taɓa gani ba! Wallahi ban taɓa gani ba! A bayan labule nake, ƙeyarsa kawai na sani!"

Ko mayafi ba ta gyara ba ta yi waje, ta tare tasi. Abin da ta faɗa wa tsohon babu wanda ya ji, amma kafin azahar sai ga tasi ta tsaya a ƙofar maɗaba'a, ana fito da Baba Mai Fito yana ta mita: shi gwiwarsa ba ta ɗaukarsa, shi ya manta komai, shi an raina masa hankali. Gwaggo ta sa aka jawo dogon benci tsakiyar fili, shi ne kwalekwale. Aka ɗauko shebur daga bayan janareto, shi ne filafili. Ta nuna Mai Inji. "Kai ne baƙon, zauna can." Ya ce shi bai taɓa kashe ko kaza ba. Ta ce ya zauna. Aka kashe injin. Masu naɗe takarda da masu ɗinkin littafi suka fito suna ƙunshe dariya. Ita kuwa ta jawo kujera, karo na farko a rayuwarta, ta zauna a gaba.

Tsoho ya hau benci da ƙyar, mutum biyu na riƙe da shi. Ya karɓi shebur ya jinjina. Ya tura shi gefe sau ɗaya, sau biyu, sai kafaɗun nan suka miƙe, ya ture hannun masu riƙonsa. Muryar da ta fito ba ta mai ciwon gwiwa ba ce. Dariya ta ɗauke. Aka zo wurin shirun, Mai Inji ya karanto layinsa, Baba ya ɗaga shebur sama.

Waɗanda ke wurin sun ce bai kalli baƙon ba ko kaɗan. Babu fushi a fuskarsa, babu hawaye. Bakin shebur ya zuba wa ido, yana bin wani ɗigon ruwa da babu shi, daga sama har ƙasa. Yatsun ƙafarsa suka damƙe gefen benci. Leɓensa ya motsa kaɗan, kamar mai kiran sunan yaro. Wata mai ɗinkin littafi ta ce ita har ƙarar kogi ta ji. Mai Inji kuwa ya rantse cewa ya manta benci ne, ya ƙanƙame katakon yana salati. Can tsoho ya sauke shebur a hankali, ya ci gaba da tuƙi.

Filin ya kaure da tafi da ihu! Gwaggo kaɗai ba ta tafa ba, hannunta na gudu a kan takarda kamar ana korarsa.

Abin da ta kai masa bayan sati biyu babu kalma ko ɗaya a ciki. Shafi biyu ne a buɗe. Nan bakin filafili a sama, nan ɗigon ruwa ya taru, nan ya rabu, nan yatsun ƙafa, nan idon baƙo, nan leɓe. Akwatunan suna ta ƙanƙancewa har na ƙarshe, a can ƙasan kusurwa, inda ɗigon ya kusa taɓa kogi bai taɓa ba. Abin da mai fito ya yanke kuwa, sai ka juya shafi.

Baba ya sa tabarau ya duba. Ya kama gefen takardar zai juya, ya tsaya. Jikokinsa suka zagaye shi. Gwaggo na durƙushe tana kallon hannunsa.

"Baba, ka juya mana," in ji babbar jikar.

"Ke, yi min shiru." Ya ja numfashi. "Ni na yi abin nan. Na san abin da ke bayan shafin nan sarai. Amma wallahi gabana faɗuwa yake." Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga. "'Yar nan, tashi. Je ki buga."

Bugun farko ko wata bai rufa ba ya ƙare. Wata makaranta ta ɗauki littafin ta koyi wasan daga zanen, har tsayuwar ƙafa, suka gayyaci Baba suka zaunar da shi a layin gaba. Da yaron da ya fito a mai fito ya ɗaga filafili, ɗakin ya yi tsit, aka ji muryar tsoho ta tashi: "Kada ka yi sauri, ɗan nan! Bar su su ji jiki!" Yanzu makarantu uku ke rigima kan wa zai samu Baba ya koyar da su, shi da ya ce a binne shi da wasan.

Gwaggo, ke ce wadda ta yi rabin rayuwa tana raɗa wa wasu magana don kada su ji kunya a gaban jama'a, kika ƙare da raɗa wa zamani guda abin da ya manta. Ba ki taɓa neman a tafa miki ba. 'Yan mata biyu da kika koya wa aiki sun gaji teburin, kuma an ce sun gaji faɗan ma. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa idon nan haske, Ya ba maigida hutu daga mutuwa.

Ku kuma masu karatu, kowa a cikinku na da wani tsoho a kusa da ke riƙe da abin da in ya tafi ya tafi ke nan: waƙa, ko sana'a, ko labari. Kada ku jira ranar ta'aziyya ku ce ai da mun sani. Mai iya zane ya zana, mai iya rubutu ya rubuta, wanda bai iya komai ba ya je ya zauna ya saurara. Gwaggo ta yi nata da ido mai hazo. Ku da kuke gani garau, me kuke jira?